Karramawar Majalisa: A Yaba wa Malami Tun Yana Ji

A Amurka, ɗan majalisa kan shigar da jawabin yabo ga malamin makaranta ko masanin kimiyya na mazaɓarsa cikin kundin majalisa, alhali mutumin yana raye, jikokinsa suna karantawa. Mu kuwa, sau da yawa sai an kai mutum makwancinsa sannan a gabatar da ƙudurin ta'aziyya, a miƙe a yi shiru na minti ɗaya, a tura wakilai gidan makoki.

Bauchi ba ta rasa waɗanda suka cancanci yabo ba. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa kansa malami ne, ya shugabanci makarantar Midil ta Bauchi kafin siyasa ta ɗauke shi. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi karatu a Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, ya rasu a 1958, amma sai bayan fiye da shekaru 60 aka sanya wa jami'ar jihar da ke Gaɗau sunansa. Abin ya yi kyau, sai dai ya zo a makare.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne malaminmu na kimiyyar sinadarai a sakandare. Da ya tarar da ɗakin gwaje-gwajen babu komai sai ƙura da fasassun kwalabe, sai ya jiƙa zoɓorodo ya zuba a kofuna biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya jan ya ƙara haske, ya jefa kanwa a ɗayan ya rine ya yi duhu. Darasin nan bai bar kawunanmu ba, kuma ajin ya fitar da likitoci. Yanzu ya yi ritaya, yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, babu wani zauren majalisa da aka taɓa ambatar sunansa.

Masu cewa ƙudurin yabo ba ya cika tumbi suna da hujja. Amma Majalisar Dokokin Jihar Bauchi mai mambobi 31 ita ce ke amincewa da kasafin kuɗi, don haka tana da ikon haɗa yabon da wani abu a ƙasa, ko da tallafin karatu ne da sunan wanda aka karrama, ko kayan gwaji ga makarantar da ya koyar. Sharaɗin kawai shi ne sunan ya fito daga tsofaffin ɗalibai da abokan aiki, ba daga ofishin jam'iyya ba, kuma a aika mota ta ɗauko malamin, ya zauna a zauren ya ji da kunnensa.