Ranar da na ƙware a kan shayi

A Garwa idan aka ce shayi, kowa ya san abin da ake nufi. Ruwa ne jajir da ke tafasa tun asuba a tukunyar mai shayi, ya sha citta da kanumfari, an danna masa sukari har cokali na neman tsayawa da ƙafarsa. Shekara arba'in da ɗoriya ina shan wannan ban taɓa kai ƙara ba. Ƙanin matata ne ya ɓata ni.

A Duwala yake aiki. Da ya zo hutu, ya biyo jirgin ƙasa har Ngawundare ya ƙaraso a mota, kowa ya samu tsaraba. Yayarsa atamfa, yara takalma, ni kuwa wani ɗan baƙin gwangwani mai ratsin ruwan zinariya, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ya ce, "Yaya, wannan naku ne na 'yan boko. Don Allah kada ka bari a dafa shi kamar ƙafar saniya."

Ina buɗewa wani ƙamshi ya daki hancina. Uwargida ta leƙo ta shinshina, ta ce, "Malam, sabulu ne?"

Na ce shayi ne.

Ta ce, "To Allah Ya sa kada ya yi kumfa."

Ni malamin lissafi ne, kuma ciwonmu ɗaya: da mun ga lamba sai jini ya motsa. A jikin gwangwanin an rubuta giram 100, gaurayen ganyen Assam da Silon da Kenya, da man bargamot. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina kan waya har kuɗin intanet ɗina suka ƙare. Ashe baƙin shayi da koren da samari ke dafawa a 'yar buta duk bishiya ɗaya ce. Na baƙin murje ganyen ake yi a bar shi ya sha iska har ya rine, kamar dai goro idan an fasa shi an ajiye. Ashe kuma gauraya shayi sana'a ce da mutum ke ci da iyalinsa a kai. Na Assam ta Indiya shi ke ba da ƙarfi da kauri, na Silon, wato Siri Lanka, shi ke sa ɗanɗano ya fito garau, na Kenya kuma shi ke kawo jan nan mai ɗaukar ido. Bargamot ɗin da aka kira sabulu kuwa ɗan'uwan lemo ne, akasari a Kalabiriya ta kudancin Italiya ake noma shi, kuma shayin da aka sa wa man ɓawonsa shi ake ce wa Earl Grey, da sunan wani firaministan Birtaniya da ya yi mulki daga 1830 zuwa 1834.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da na ga har ƙa'ida ta duniya aka yi wa ɗanɗana shayi, mai lamba ISO 3103. Giram 2 na ganye ga mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti 6. Wannan na masu gwaji ne. Mai sha don jin daɗi, minti 3 zuwa 5 ya ishe shi, in ya wuce haka bauri ya fito. Kuma ba a ɗora ganyen a wuta, ruwan ake zuba masa ya jiƙa. Nan take na buga lissafi a bayan kalanda: gwangwanina finjali 50 ne cif. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar.

Sai kuma bidiyo. Wasu mutane da fararen riguna, ga kofuna jere reras, kowa da cokalinsa. Ya ɗebo, ya zuƙa da ƙarfi, fuuut, kamar famfon da ruwa ya ɗauke masa, ya juya a baki, ya tofar a wani kwano. Wai zuƙar da iska ita ke watsa shayin ko'ina a baki, ƙamshin ya hau ta bayan hanci. Na kalla sau bakwai. Na ce wannan ai ba wani abu ba ne.

Mai hankali da sai ya fara gwadawa shi kaɗai, ƙofa a rufe. Amma ɗan boko da sabon ilimi kamar yaro ne da sabon takalmi, ba ya iya zaman ɗaki. Surukina kan biyo ta gidanmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ga jikokinsa. Na ce ranar za a buɗe gwangwani. Ni da shekara goma sha biyu ko gyaɗa ban taɓa tauna a gabansa ba.

Na ari ɗan sikeli a makaranta. Na sayi ruwan gora, don na karanta cewa ruwa ma yana canza ɗanɗano. Ranar ta zo a tsakiyar watan Afrilu, irin zafin Garwa da ke haura 40, wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Gas kuma ya zaɓi ranar ya ƙare, dole na hura gawayi a kurfoti, babbar rigata ta Juma'a ta jiƙe sharkaf tun ruwa bai yi ɗumi ba.

Baba bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da amininsa, wani Alhaji tsohon direban babbar mota, wanda ya cinye ƙuruciyarsa a hanyar Garwa zuwa Marwa zuwa Kusiri, ya tsallaka Injamena. Mutumin da ya sha shayin kowace tasha. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Na fito da tire, da buta, da sikeli.

Alhaji ya dubi sikelin ya ce, "Malam, zinariya ka fara sayarwa?"

Na ce a'a, Alhaji, shayi za a auna. Na ɗauraye butar da ruwan zafi don ta ɗumama, na auna giram 6, ganye biyu suka yi yawa na tsince su na mayar. Na zuba ruwa, na rufe, na danna agogon waya minti huɗu. Ina jira ina yi musu bayanin Assam da Kalabiriya. Baba yana jan carbi yana cewa "Ikon Allah." Na ɗauka ilimina ne ke ratsa shi.

Waya ta yi ƙara, na tace, na miƙa wa kowa finjalinsa da hannu biyu. Ba sukari, ba madara, don wai su ke rufe asalin ɗanɗano.

Alhaji ya ɗaga nasa ya hango hasken ƙofa ta ciki. Ya kurɓa. Ya yi shiru. Ya ce, "Wannan ai bai nuna ba. Ɗanye ne."

Baba mutum ne mai kara. Ya kurɓa sau ɗaya, ya haɗiye da ƙyar, ya ajiye finjalin a hankali kamar ƙwai, ya ce, "Madalla, madalla. Maganin mene ne?"

Nan ya kamata in yi dariya in aika a kawo sukari. Sai karambani ya ce mini laifin ba na shayi ba ne, ba su iya sha ba ne. Na ce, "Baba, akwai yadda masana ke ɗanɗana shi." Na ɗauko cokali, na ɗebo, na gyara zama, na zuƙa da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni.

Abin da bidiyon bai faɗa ba, ko ya faɗa ban ji ba, shi ne mutanen nan sai shayin ya ɗan huce suke zuƙa, kuma sun shekara suna yi. Nawa yanzu ya fito daga buta. Rabi ya ƙona mini harshe, rabi ya bi hanyar da ba tasa ba. Na ƙware. Tari ya turnuƙe ni, hawaye shaɓe-shaɓe, kuma maganar da suka yi cewa ƙamshi na hawa ta bayan hanci gaskiya ce, don ni har ruwan ya hau, ya fito ta gaba. Assam ta hancin dama, Kenya ta hagu. Ragowar da ke bakina kuwa, da yake na haddace cewa tofarwa ake yi, kuma ban tanadi kwano ba, sai na juya gefe na fesa. Gefen nan takalman Baba ne.

Alhaji ya taso yana dukan bayana da tafin da ya shekara talatin yana murɗa sitiyari, yana cewa, "Yi salati, Malam, yi salati!" Kowane duka sai na ji wata ƙa'idar ta fice daga kaina. Baba kuwa ya kawar da kai yana duban bango, wai don kada in ji kunya, amma kafaɗunsa rawa suke yi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ko sallama ba zan yi ba.

Na shiga ciki wanke fuska. Kafin in fito, uwargida, wadda ashe tana bayan labule tun daga auna ganye, ta riga ta aika yaro ya ɗauke gwangwanin. Ta ɗora tukunya, ta kamfato ganye da hannu, ba sikeli ba lissafi, ta watsa. Ta daka citta da kanumfari da ɗan masoro ta zuba, ta bar shi yana ta ɓararraka ya fi minti ashirin, ta juye madarar gwangwani, ta bi shi da sukari. Ina tsaye ina kallon finjali talatin na tafiya a tukunya ɗaya, ba bakin magana, harshe ya ƙone.

Suka sha, suka ƙara. Alhaji ya share gumi ya ce, "Yawwa, yanzu aka yi shayi. Ganyen nan mai kyau ne, Malam, ɗazu ne ka wulaƙanta shi." Daga nan ya ɓalle da labari. Ya ce ni da nake ta kiran Indiya, na san a nan Kamaru ma ana noman shayi? Ya lissafo Tole a gindin Dutsen Kamaru kusa da Buya, da Ndu a tsaunukan Arewa maso Yamma, da Juttitsa wajen Cang. Ya ce a Cadi kuwa in ka zauna wurin mai shayi sai ya tambaye ka ahmar ko akhdar, ja ko kore, kuma jan nasu in ka sha finjali biyu sai ka kai Marwa ido biyu. Duk karatun darena ban gamu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya fi ba ni haushi, na saci kurɓi ɗaya a kicin, kuma wallahi ya yi daɗi. Bargamot ɗin ma da citta ta taka shi sai ya daina kama da sabulu.

Da dare na auna ragowar, giram 31. Na rufe gam, na ɓoye a saman kabad, can bayan kwalaben turaren wutar uwargida, inda na tabbata ba mai taɓawa. Bayan kwana uku na dawo daga makaranta na tarar gida ya turnuƙe da hayaƙi kamar ana ƙona ciyawa. An ce wa 'yata ta sa turare a ɗaki, ta hau kujera, ta buɗe wanda ya fi kyan gwangwani, ta ji ƙamshi, ta juye a kasko.

Gwangwanin yanzu allura da maɓallai ke ciki. Na mayar da sikelin mutane. Washegari da sassafe na lallaɓa teburin mai shayin bakin layinmu, na zauna a ƙarshen benci ina sunkuyar da kai, ban san Alhaji ya riga ni zuwa da labari ba. Mai shayi ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi, bai ko dube ni ba, ya ce, "Malam, na minti huɗu za a kawo, ko irin na mutane?"

Na ce irin na mutane.

Ya ajiye mini kofi da burodi. Sannan ya sunkuya ya janye takalmansa daga kusa da ni.