Kai da ba ka san ajin ɗanka ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ku sa'o'ina da muka taso tare a nan Tawa, muka sha ƙurar fili ɗaya, yau kuma Allah ya mai da mu iyaye. Tun ranar Asabar wata magana ta tsaya mini a wuya, na yi na yi in haɗiye ta ƙi wucewa. Wanda ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ranar Asabar ɗin aka kira taron iyaye a CEG, wato kwalejin gwamnati ta unguwarmu. Tun Litinin aka ba kowane yaro takarda ya kai gida, ranar Juma'a kuma liman ya maimaita bayan an sallame. Ƙarfe tara aka ce. Na isa tara saura, na tarar yara sun fito da bencina sun jera a inuwar dogon yaro, layi bayan layi, har da buta da randar ruwa. Muka zauna. Goma ta yi, goma da rabi ta yi. Da sha ɗaya ta gota, daraktan ya dubi agogo, ya dubi bencinan da ba kowa a kai, ya ce to bismilla mu fara. Na ƙirga mu da idona, mu 31 ne, kuma maza tara kawai a ciki, har da ni da mai gadi. Sauran duk mata ne, rabinsu tsofaffi da suka zo saboda jikoki. Ajin ɗiyata kaɗai yara sun haura 80. Ku yi lissafin da kanku.

Ina kuke? Ba sai kun faɗa mini ba, na gan ku a hanyar komawa gida. Na wuce fada uku, kowacce cike, ana kan shayi na biyu, ana buga belot, ana gardamar ƙwallon da aka yi a Sifen kamar a nan za a kawo kofin. Na wuce gidan suna, babura sun toshe titi har jaki da amalanke ya rasa hanya. Ban ce kar a je suna ba, zumunci ne. Amma yaron da aka raɗa wa suna shekara 13 da suka wuce, wanda muka cika titi dominsa muka ci rago, shi ne fa yake zaune a wancan ajin. Wallahi da cewa aka yi shinkafa za a raba a filin makarantar, da tun asuba wasu sun ajiye takalmi a layi.

Bari in ba ku abin da na gani da idona a ƙarshen shekarar karatun da ta wuce. Ina ofishin sirbeyan, mai sa ido kan ɗalibai, na je karɓar takardar sakamakon ɗiyata, sai ga wani bawan Allah ya faka babur har bakin ƙofa, babbar riga tana jan ƙasa, ko sallama bai ƙarasa ba ya fara: "Mi ɗana ya yi muku kunka kore shi?" Sirbeyan ɗin mutum ne mai sanyi, ya miƙa masa kujera ya ce, "Alhaji zauna. Wane aji yake?" Shiru. "Sizyem ko sankiyem?" Alhaji ya ce ai ku za ku sani, ba ku ke da takardu ba? Ƙarshe sai da ya ciro waya ya kira uwar yaron, a gabanmu, yana tambaya. Da aka gano ajin, sirbeyan ya buɗe babban littafin kiran suna, ya bi da yatsa. Tun watan Janairu yaron bai cika mako guda a aji ba. An aika takardar kira sau uku, ba wanda ya zo. Makinsa 4 ne bisa 20. Kullum da safe yana ɗaukar jaka, a ba shi kuɗin kalaci, ya fita. Inda yake wuni, uban bai sani ba, amma duk 'yan kabu-kabun bakin tasha sun sani. Alhaji ya fita yana cewa makarantar gwamnati ta lalace.

Na yi dariya a ranar, daga baya kuma abin ya daina ba ni dariya, don na san mu nawa ne irin Alhajin nan. Tambayi mutum lambar ɗan wasan da yake so, zai faɗa maka har da kuɗin da aka saye shi. Tambaye shi farashin buhun albasa a Galmi yau, ya sani. Tambaye shi sunan malamin lissafin ɗansa, sai ya fara sosa ƙeya. Shekara huɗu yaro yake yi a kwaleji, daga sizyem zuwa turwaziyem, kuma waɗannan su ne shekarun da murya take buɗewa, ido yake buɗewa, abokai suke fin iyaye daɗin magana. A daidai nan muke sakin igiya. Sai watan da za a yi BEPC, jarrabawar gama kwaleji, mutum ya tuna yana da ɗa a makaranta, ya fara yawon neman rubutun sha da wanda ya san wani. Ba a kiwon kare ranar farauta, ba a kuma fafe gora ranar tafiya.

Kullum amsar ɗaya ce: ai ta gwamnati ce. Wannan kalmar ta gama da mu. Saboda ta gwamnati ce, katangar da ta faɗi tun daminar bara har yau ba wanda ya ɗora bulo ɗaya. Saboda ta gwamnati ce, masu babura suka mai da tsakiyar fili hanyar yanke, malami yana bayani ana ratsa shi da hayaƙi. Awakinmu suna kwana a aji, maƙwabta suna juye shara a gindin taga, in aka tafi dogon hutu kuma ba na son in faɗi abin da ake tararwa a kusurwoyin azuzuwa ranar komawa. Ni da kaina na ga bencin makaranta a wata fada, lambar ajin tana jiki da farin fenti, manya da gemu suna zaune a kai, alhali yaran da aka yi shi dominsu suna zaune a kan buhu da bulo. Ministan ilimi ɗansa ba ya zama a ajin nan. Naka ne yake zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mu mun ƙi ma shiga ɗakin balle mu ga yoyon.

Kun san abin da aka kira mu mu tattauna? Maganar rumfuna. Azuzuwan gini ba su isa ba, don haka kowace shekara sai an jira kaka, zana ta samu, a sayi itace da igiya a kafa wa 'yan sizyem rumfa. An koma makaranta tun Oktoba, su har yanzu a gindin icce suke, ga hunturu yana ƙaratowa da ƙurarsa. Akwai kuma masu tuya da suke hura wuta dab da inda za a kafa zanar, ana so a matsar da su ba tare da an hana su neman abincinsu ba. Wanda ya ɗauki wannan ƙaramar magana ya tuna watan Afrilun 2021, da gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas a Yamai ta ci yara kimanin 20, ya tuna watan Nuwamban shekarar a Maraɗi, inda sama da 20 suka sake tafiya haka. Duk mun yi kuka, duk mun sa hotuna a Facebook mun rubuta Inna lillahi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Mu an kira mu shafa ruwan, mun ce muna da uzuri.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ce a Tawa ake haka. Kwamitin kula da makaranta ɗin nan, COGES, da wasu suke jin sunansa kamar wani haraji, a jiharmu aka fara nuna wa ƙasa yadda yake aiki. A 2004 shirin École pour tous, da taimakon hukumar JICA ta Japan, ya fara a makarantun firamare na jihar Tawa: jama'a su taru su zaɓi shugabannin kwamiti da ƙuri'ar asiri, su zauna su tsara abin da makaranta take buƙata, su tara abin da za su iya, a dawo a yi musu bayanin kowace dala a bainar jama'a. Ƙauyawanmu da ba su iya rubuta sunansu ba suka riƙe abin har aka yaɗa shi ƙasa baki ɗaya, ƙasashe irin su Senegal da Burkina Faso da Mali suka ɗauka. Yau mu 'yan birni masu waya biyu a aljihu, an ce mu kawo jaka guda a shekara, sai mu ce ai cinyewa suke yi. To ka zo ranar da ake karanta lissafin ka kama ɓarawon mana! Ma'ajin ya tsaya ranar Asabar da kayensa ya karanta shiga da fita har kuɗin alli, bencina ne suka saurare shi.

Ban wanke malamai ba. Akwai wanda sai Talata yake fara mako, akwai wanda ƙarfinsa yana wajen darasin kuɗi na yamma. Akwai kuma malaman kwantaragi da suke koyarwa da yunwa, wata ya mutu ya sake kamawa ba a biya su ba, mai gidan haya yana jiransu a ƙofa. Ga yajin 'yan makaranta, a busa usur a yi jifa a kan kwano, cikin minti biyar makaranta ta watse. Duk gaskiya ne. Amma wa zai tambayi malamin da bai zo ba, in uban da ya kamata ya tambaya bai san ƙofar ajin ba? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma mu ne tsagar.

Har gara 'yan'uwanmu da suke Abijan ko Libiya, su ko ba komai nesa ta raba su da gida, kuma matansu ne na gani a taron da goyo a baya. Kai da kake kwana ka tashi taku ɗari uku daga makarantar fa? Ka saya wa yaro ɗan shekara 14 waya mai tsada don kar a ce ɗan wane ba shi da ita, ba ka taɓa buɗe kayensa ba. Yana kwana a TikTok, yana zuwa aji ido ja, wani ma ya fara haɗiyar tramol a bayan katanga, kai kana nan kana cewa yaran zamani sai addu'a. Wata kuma tana sankiyem, kanta yana ja, sai kawai a daina ganinta, a ji an sa rana. Tun 2017 akwai dokar da ta ce a kare karatun 'ya mace, amma takarda ba ta zuwa gidan kowa ta yi sallama, sai mutanen unguwa da suka san juna. Wannan dai maganar wata rana ce.

Allah ya jiƙan mahaifina. Bai san a daga ba ba a boko, amma duk ranar da aka ba da sakamako sai ya rufe rumfarsa ta kasuwa ya taka har makaranta. Zai miƙa wa malami takardar ya ce, "Mushe, karanta mini." Abu guda ya sani, jan biro ba alheri ba ne. Sai ya sa yatsa a kai ya ce, "Wanga ja ɗin na mine ne?" Ni kuwa ina gefe gwiwa tana rawa. A zamanin Kunce, samariya ce take fita da ganga a kwaɓa ƙasa a gina aji, mata suna kawo ruwa da fura, ba wanda ya ce a biya shi. In dattijo ya gan ka a kasuwa da hantsi da jakar makaranta, ba ya tambayar ɗan wa ne, kunnenka zai kama har gaban sirbeyan, in ka kai ƙara gida a ƙara maka. Ɗa na kowa ne a lokacin. Yau ka ce wa yaro koma aji, da yamma uban zai zo ƙofar gidanka yana tambaya ko kai kake ciyar da shi. Shi ya sa kowa ya kama bakinsa, muna ganin yara da kayan makaranta suna yawo ƙarfe goma muna kau da kai. Iyayenmu ba su yi karatu ba suka tsare mana shi. Mu da muka yi, ban san abin da za mu ce musu ba.

Ba wani abu mai wuya nake roƙo ba. Ku leƙa. Ku san ajin, ku san malamin, ya san fuskarku. Yaron da ya san babansa yana iya ɓullowa kowane lokaci, tafiyarsa ma daban take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kowa ya haddace wannan, sai dai ba a tanƙwara shi daga fada.

Da aka tashi taron, wata tsohuwa da ta zauna kusa da ni ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yan canji, dala-dala da hamsin-hamsin, ta ƙirga a tafin ma'aji. Ƙosai take sayarwa, jikoki biyu take riƙo. Na ce, "Inna, ina uban yaran?" Ta ce, "Yana gida, ɗana, bai tashi ba." Ta gyara lulluɓi ta kama hanya. Abin da aka tara ranar bai kai kuɗin zanar rumfa guda ba, don haka daraktan ya ce a sake kiran taro Asabar ta sama, ƙarfe tara. Yaran da suka fito da bencinan suka fara mayar da su ciki, bibbiyu suna ɗaukar ɗaya.