Kundin mulkin Amurka ciniki ne aka yi, ba wahayi ba

Duk sanda aka fara musu kan gyaran kundin tsarin mulki sai ka ji wani ya ce ai ga Amurka can tun 1787 suke da nasu bai taba lalacewa ba, mu kuwa a Najeriya tun da muka aro tsarin shugaban kasa daga wajensu a 1979 har yau faci muke ta yi. Ni dai gani nake masu fadin haka ba su san yadda aka haifi takardar nan ba.

Na farko ma ba ita ce ta fari ba. Bayan jihohi 13 sun balle daga Ingila a 1776, wata yarjejeniya suka fara kullawa wadda ta soma aiki a 1781, kuma saboda tsoron kar su sake dorawa kansu wani sarki sai suka yi gwamnatin tarayya marar hakora, ba shugaban kasa, ba ikon karbar haraji, sai dai ta roki jihohi kudi su ba ta in sun ga dama. Bashin yaki ya yi katutu, a 1786 manoman Massachusetts da bashi ya shake suka dauki bindiga karkashin Daniel Shays suna hana kotuna zama. Wannan ne fa ya tsorata manya.

Shi ne wakilai 55 suka hadu a Philadelphia a 1787, George Washington na shugabanta, aka rufe kofa aka ce kar wanda ya fitar da zance waje. Jihar Rhode Island ko wakili daya ba ta tura ba. Abin da aka yi a dakin nan kuwa taya da sallamawa ne kawai irin na kasuwa. Manyan jihohi suka ce a raba kujeru bisa yawan jama'a, kanana suka ce sam ba za a hadiye su ba, karshe aka ce to majalisar wakilai ta bi yawan mutane, ta dattawa kuma kowace jiha sanata biyu. Mafi muni shi ne batun bayi, inda aka yarda duk bayi biyar a kirga su a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru, kuma aka hana majalisa taba cinikin shigo da bayi sai 1808. Washington da James Madison din da ake kira uban kundin duk suna da bayi a gonakinsu. Mutum 39 ne suka sa hannu, wasu suka ki.

Ko 'yancin fadar albarkacin baki da na addini da ake ta kambamawa babu su a ciki da farko, sai da masu adawa suka tada jijiyar wuya sannan aka kara gyara goma a 1791. Ikon kotun koli na soke doka ma ba a rubuta shi karara ba, alkali John Marshall ne ya kafa shi a shari'ar Marbury da Madison a 1803.

Kuma wai bai taba lalacewa ba? A 1857 kotun kolin nan ta ce bakar fata ba dan kasa ba ne, a 1861 kasar ta dare biyu, aka yi yakin da ya ci mutum sama da 600,000 kafin a soke bauta a 1865. Mata sai 1920 kundin ya ba su kuri'a, bakaken kudu kuwa sai da aka yi dokar 1965 sannan zabensu ya zama na gaske. Wato su ma facin ne ya rike su, har sau 27.

Inda zan sara musu shi ne dabi'a. Washington ya yi zango biyu a shugabancin kasa ya koma gida ba wanda ya tilasta shi, John Adams ya fadi zabe a 1800 ya bar wa Thomas Jefferson kujera duk da ba sa ga maciji. Wa'adi biyun nan sai 1951 aka rubuta shi, bayan Franklin Roosevelt ya ci zabe sau hudu.

Yanzu kuma gyaran ne ya gagara, don sai an samu kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50, abin da rabon a yi tun 1992. Shi ya sa rigimar zubar da ciki da ta mallakar bindiga duk suka koma hannun alkalai tara na kotun koli, kuma nada ko daya daga cikinsu sai ka ga manyan jam'iyyun kasar biyu sun tube riga kamar zaben shugaban kasa za a yi.