An Kai Yaran Karkara Washington, An Manta Da Akwatin Zaɓen Gida

Tun da ƙungiyoyin gama-kai na wutar lantarki a karkarar Amurka suka dawo da yawon ɗalibai zuwa Washington a 2022, bayan korona ta hana shi a 2020 da 2021, yabon da ake yi masa ya fara gundurata. Duk watan Yuni ɗalibai kusan 2,000 daga jihohi sama da 40 sukan jeru a matakalar ginin Majalisa cikin riguna iri ɗaya, a ɗauki hoto, a rubuta a ƙasa cewa ga shugabannin gobe. Ba wanda ke tambayar shugabannin ina, kuma da kuɗin wa.

Shirin yana da tarihi mai kyau. A tsakiyar shekarun 1930 gidan gona ɗaya cikin goma ne kawai ke da wuta a Amurka, domin kamfanoni sun ƙi jan waya zuwa inda babu riba. Gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, manoma suka haɗa kai suka ci bashi suka kafa turakunsu. Yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi kusan 900, suna ba mutum miliyan 42 wuta, ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu NRECA da aka kafa a 1942. A taronta na 1957 a Chicago ne Lyndon Johnson, yana sanata lokacin kafin ya zama shugaban ƙasa, ya ba da shawarar a riƙa tura matasa babban birni su ga gwamnatinsu da idonsu. A 1958 Iowa ta tura yara 34 a mota, a 1964 NRECA ta karɓi tsarin da ɗalibai wajen 400 daga jihohi 12.

Matsalar tana farawa daga yadda ake zaɓe. Yawancin ƙungiyoyi suna buɗe neman gurbi a lokacin sanyi ga 'yan ajin kusa da ƙarshe na sakandare, masu shekara 16 zuwa 17, kuma sau da yawa sai iyayen yaro suna da mita da sunansu. Sai ya rubuta maƙala ko ya ɗauki bidiyo, a wasu wuraren ya zauna gaban alƙalai su yi masa tambayoyi. Daga dubban gidaje a fitar da yara biyu, uku ko huɗu. Irin wannan rariya ba ta ɓoye wanda take tsayarwa. Yaron da ya iya tsara magana, wanda malamar Turanci ta duba masa rubutu sau uku, wanda dama jami'a ke jiransa, shi ke wucewa. Wanda ke tashi daga makaranta ya wuce gona ko garejin gyaran mota, wanda nan da shekara biyar shi zai hau turke cikin ƙanƙara ya ɗaura wayar da guguwa ta tsinke, sau da yawa ko labarin takardar bai ji ba.

Da an yi wannan magana sai a jawo sunan Tim Cook na kamfanin Apple. Gaskiya ne, a 1977 yana ɗan shekara 16 a Alabama ya ci gasar, da hannu ya rubuta maƙalarsa don gidansu ba su da kuɗin tafireta, ya je ya ga Shugaba Jimmy Carter. Madalla. Amma a Kalifoniya ya yi suna da dukiya, kuma ƙungiyar da ke zaɓo haziƙan yaranta tana nuna musu hanyar fita ba ta da hujjar kuka idan matasa sun ƙaurace wa taronta.

Sannan a daina kiran abin kyauta. Ƙungiyar gama-kai ba ta da aljihun kanta, kuɗin mambobi ne. Rarar da ta samu a shekara ana rubuta wa kowane mamba kasonsa gwargwadon wutar da ya sha, a riƙe ana gyaran layi da sayen taransifoma, a biya shi bayan shekaru, wani lokaci 20 ko fiye. Kafin nan wasu sun mutu, wasu sun yi ƙaura ba adireshi, cakin ya dawo. Dokar jihohi da dama ta yarda a zuba wannan kuɗin da ba a karɓa ba cikin tallafin karatu da ayyukan ilimi. Su wa suka fi yawan ƙaura ba tare da barin adireshi ba? 'Yan haya da 'yan ƙwadago. Akwai kuma tsarin da ƙungiyar Palmetto ta South Carolina ta fara a 1989, inda ake cike kuɗin wutar mamban da ya yarda zuwa dala ta gaba a zuba ƙarin cikin ayyukan taimako, abin da bai wuce dala 11.88 a shekara ba, yawanci wajen dala 6. Da yawa na zubawa, 'yan kaɗan ke hawa jirgi.

Masu cewa a soke tafiyar don a rage kuɗin wuta ba su yi lissafi ba: a ce ƙungiya mai mita 20,000 ta kashe dala 10,000, rabin dala ke nan kan kowace mita a shekara.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne darasin da ake koyarwa. Mako guda ana zagaya maƙabartar sojoji ta Arlington, gidan George Washington na Mount Vernon, gidajen tarihi na Smithsonian, a ƙare da gaisawa da 'yan majalisa. NRECA ƙungiyar kamun ƙafa ce a Washington, kuma babu ɗan majalisar da zai ƙi ganin yaran mazaɓarsa, don haka kowa ya san wa ke cin moriyar hoton. A gida kuwa dimokuraɗiyyar da ake taƙama da ita tana gyangyaɗi. Wani bincike da cibiyar ILSR, mai nazarin dogaro da kai na al'ummomi, ta fitar a 2016 ya nuna cewa a kusan kashi 70 cikin 100 na ƙungiyoyin, mambobin da ke jefa ƙuri'a a zaɓen daraktoci ba su kai kashi 10 ba. Inda ba a zaɓe, kujera takan zama gado. An gani a ƙungiyar Pedernales ta Texas, a yankin da aka haifi Johnson ɗin kansa, inda badaƙalar shugabanni ta fashe wajen 2007. An gani a ƙungiyar Tri-County ta South Carolina, inda a 2018 mambobi suka fusata kan alawus-alawus suka sauke daraktocin. Yaron da ya dawo yana iya lissafa rassan gwamnatin tarayya uku, amma bai san ranar babban taron ƙungiyar da babansa ke da ƙuri'a a cikinta ba, bai kuma taɓa ganin yadda ake yanke farashin kilowat ba.

Gyaran ba ya bukatar kwamitin bincike. A ware rabin guraben ga ɗaliban koyon sana'a da 'ya'yan 'yan haya, a cire sharaɗin maƙala. Duk wanda za a kai Washington ya fara halartar zaman daraktoci biyu, ya bi ma'aikatan layi yini guda, ya riƙe rajista a ranar zaɓe. Ƙungiyar da masu jefa ƙuri'arta ba su kai kashi 10 ba kuma ta buga wannan adadin a ƙarƙashin hoton matakalar Majalisa, a shafi ɗaya.