Tsufan fim bai isa ya mayar da shi na kowa ba

Masu ɗora tsofaffin finafinai a YouTube da Facebook, musamman masu yi musu fassarar Hausa, suna da wata hujja da suke yawan kawowa: fim ɗin baƙi da fari ne, waɗanda suka yi shi duk sun riga mu gidan gaskiya, to wa zai yi magana? Wannan hujja ta jawo an rufe wa mutane tashoshin da suka sha wahalar ginawa. A ganina laifin ba na doka ba ne kaɗai, tambayar ce ake yi a karkace. Kafin a ce fim ya zama mallakar jama'a, sai an san a wace ƙasa, wane kwafi, kuma wane ɓangare na fim ɗin.

A fara da Amurka, tunda dokarta ce ta fi tasiri a kan waɗannan kafafen. Wa'adin haƙƙin mallakar tsofaffin finafinai a can shekara 95 ne daga ranar fitarwa, kuma yana ƙarewa ne a ƙarshen shekara. Fim ɗin 1930 ya kuɓuta ranar 1 ga Janairun 2026, na 1931 sai 2027. Wannan lissafi ba shi da wuya.

Inda aikin yake shi ne finafinan da aka fitar bayan haka har zuwa 1963. A wancan zamanin haƙƙin mallaka shekara 28 ne, sai an sabunta rajista kafin a samu ƙari. Kamfanin da ya yi sakaci, fim ɗinsa ya tafi. Don haka mai bincike zai ɗauki shekarar fitarwa ya ƙara 28, ya duba wannan shekarar da wadda ke gabanta da wadda ke bayanta. Rajistar 1978 zuwa yau tana shafin Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka a intanet, waɗanda suka gabace ta kuwa suna cikin kundin rajistar da ofishin yake bugawa a da, an kuma ɗauki hotonsa an ɗora. A nemi fim ɗin da kowane suna da aka taɓa kiran sa, domin sau da yawa ana canja wa fim suna, mutum ya duba bai gani ba ya ɗauka ba a sabunta ba. Daga 1964 kuma wannan ƙofa a rufe take, sabuntawar ta zama ta kai tsaye.

Akwai kuma alamar © da suna da shekara, wadda dole ne ta bayyana a jikin fim ɗin Amurka da aka fitar kafin 1978. Night of the Living Dead na 1968 ta nan ya suɓuce wa masu shi: mai rarrabawa ya canja sunan fim ɗin, sabon rubutun ya fito babu alamar. Sai dai a duba kwafin asali, don masu satar fasaha sukan yanke wurin.

Ko an tabbatar fim ya kuɓuta, da sauran rina a kaba. It's a Wonderful Life na 1946 ba a sabunta rajistarsa ba a 1974, gidajen talabijin suka yi ta nuna shi kyauta. A 1993 kamfanin Republic Pictures ya dawo ya ce gajeren labarin da aka gina fim ɗin a kai da kiɗansa suna hannunsa, nunin kyauta ya tsaya. Hoton na kowa ne, labarin da sautin suna da mai su. Haka kwafin da aka gyara: The Kid na Charlie Chaplin na 1921 ya kuɓuta a Amurka, amma kiɗan da Chaplin ya yi masa a farkon shekarun 1970 bai kuɓuta ba. A Tarayyar Turai ma lissafin daban ne, shekara 70 bayan rasuwar wanda ya rasu a ƙarshe cikin darakta da marubucin labari da na zantuka da mai kiɗa. Chaplin ya rasu a 1977.

Masu fassarar finafinan Indiya su ne suka fi buƙatar kula. A Indiya wa'adin fim shekara 60 ne, amma waƙoƙi da kiɗa ana lissafa nasu ne daga rasuwar mai su, ga shi fim ɗin Indiya rabinsa waƙa ne. Sannan a ranar 1 ga Janairun 1996 Amurka ta maido da haƙƙin ayyukan ƙasashen waje da a lokacin suke da kariya a ƙasarsu, ko da ba su cika sharuɗɗan alama da sabuntawa ba. Kotun ƙolinta ta tabbatar da hakan a 2012. Ke nan fim ɗin shekarun 1950 zai iya zama na kowa a Mumbai, ya kasance mai haƙƙi a Amurka.

Dokar Najeriya ta 2022 ta ba fim shekara 50 daga fitarwa, rubutu da kiɗa kuma shekara 70 bayan rasuwar mai su. Shaihu Umar na Adamu Halilu fim ne na 1976, lissafin hamsin ɗinsa yana cika a ƙarshen 2026. Amma littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda ya rasu a 1966, nasa wa'adin sai ƙarshen 2036.

Kada wanda ya ga fim a Internet Archive, wato shafin taskar ajiya na intanet, da alamar mallakar jama'a ya ɗauka magana ta ƙare, domin sau da yawa wanda ya ɗora shi ne ya saka alamar. A ajiye hoton farkon fim ɗin da ƙarshensa, da shafukan rajistar da aka duba, da shekarun rasuwar marubuci da mai kiɗa. Ranar da na'urar YouTube ta kama bidiyon, waɗannan ne za a gabatar wajen ƙalubalantar ƙorafin.