Bessie Coleman da maganar ƙofa ɗaya

Idan aka ambaci Bessie Coleman, matuƙiyar jirgin sama 'yar Amurka, yawancin mutane alkafurar da take yi da jirgi a sararin sama suke tunawa. Ni kuwa abin da ya fi tsaya min a rai a tarihinta a ƙasa ya faru, a bakin ƙofar filin wasa.

An haife ta a 1892 a jihar Texas ta Amurka, ita ce ta goma cikin 'ya'ya 13, ta tashi tana tsinkar auduga a garin Waxahachie. Da ta koma Chicago, yankan farce take yi a shagon aski, a nan take jin hirar sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na ɗaya kan jiragen sama. Ta nemi makarantar koyon tuƙi, kowacce ta rufe mata ƙofa: ga ta mace, ga ta baƙar fata. Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender, ya ba ta shawarar ta tafi Faransa. Baiwar Allah nan ta zauna ta koyi Faransanci, ta tara kuɗinta, ta shiga jirgin ruwa. Ranar 15 ga Yuni 1921 ta karɓi lasisinta.

Me ya kai ta wasan ganganci? Babu kamfanin da zai ɗauke ta aiki, kuma burinta ta buɗe makarantar da za ta koya wa baƙaƙe tuƙi. Kuɗin ƙofa ne babban jarinta. A 1923 ta faɗo da jirgi a California, ta karye a ƙafa da haƙarƙari uku, ta warke ta koma.

To ku duba: wadda kowane sisi yake da muhimmanci a gare ta, ita ce ta ce ba za ta tashi ba idan an ware wa baƙaƙe ƙofarsu daban. A Waxahachie, garin da ta yi tsinkar auduga, ta kafe sai da aka bar kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya. An raba wurin zama a ciki, gaskiya ne, amma ƙofar dai ɗaya ce. Haka ta bar wani fim da aka so ta fito cikin tsummokara. Wallahi wannan ya fi alkafura wuya, domin mai neman taimako da wuya ya iya kafa sharaɗi.

Rasuwarta tana sosa min zuciya. Ranar 30 ga Afrilu 1926 a Jacksonville ta jihar Florida, makanikinta William Wills ne ke tuƙi, ita tana baya ba ta ɗaura bel ba, saboda tana leƙen filin da za ta dira da lema washegari. Wata sufana da aka manta ta maƙale a cikin kayan sarrafa jirgin, ya kife, ta faɗo. Wills ma bai tsira ba. Shekararta 34, makarantar ba ta buɗu ba.

A 1929 William Powell, wani baƙar fata mai sha'awar tuƙin jirgi, ya kafa ƙungiyar koyon tuƙi da sunanta a Los Angeles. A 1931 matuƙa baƙaƙe na Chicago suka fara bi ta saman kabarinta suna zuba furanni. Da Mae Jemison, 'yar sama jannati baƙar fata, za ta tafi sararin samaniya a 1992, hoton Bessie ta ɗauka ta tafi da shi.