Kilishin da na yi wa inji alkawari

Kun dai san shagona na buga takardu a bakin Kasuwar Dole, kun kuma san tun da ɗan yayata ya shiga jami'ar André Salifou ya cika mini kwamfuta da manhajojin nan na kyauta, waɗanda ƴan sa-kai ke haɗawa kowa ya buɗe cikinsu ya gyara. To, katin bikin ƴar Hajiya ne. A allo lafiya lau, ina fitar da shi PDF sai duk ƙ da ɗ da ƴ suka koma ƴan akwatuna, har cikin sunan amarya. Hajiya ta dubi katin, ta dube ni, ta ce za ta dawo.

Yaron ya buɗe mini inda ake kai musu ƙorafi ya gudu lakwal. Na rubuta da Faransanci, da manyan baƙaƙe, na ce sun zubar mini da mutunci a gaban babbar mace, su gyara yau ɗin nan.

Amsa ta zo daga wani mai hoton kyanwa. Layi uku: wace siga nake aiki da ita, in haɗo fayil ɗin, kuma in karanta ƙa'idarsu ta ladabi kafin in sake magana. Jama'a, ladabi! Mutumin da bai yi mini sallama ba, bai tambayi iyali ba, bai ce ina gajiya ba, shi zai koya wa ɗan Damagaram ladabi. Na mayar masa. Ya ce shi da dare yake wannan aiki bayan ya taso daga nasa, ba wanda ke biyansa ko dala, in ina sauri ƙofa a buɗe take in gyara da kaina in turo. Na yi fushi na bar su.

Da aka kwana biyu sai ga wani saƙo daga wani daban. Wannan kam ɗan gidan mutunci ne. Ya gaishe ni, ya gode mini da gudummawar da na bayar, ya ce ya ga maganata ta daɗe shiru, in har matsalar tana nan in sanar da shi don kada a rufe. Wallahi sai da zuciyata ta yi sanyi. Na zauna na rubuta masa wasiƙa ta gaske: na tambayi gida da yara, na ba shi labarin Hajiya daga farko, na kai ƙarar mai kyanwa, na ce duk cikinsu shi kaɗai ya sami tarbiyya. Na ce in Allah ya kawo shi Damagaram zan kai shi Birni ya ga fadar Sarki, kuma kilishinsa na wuyana.

Da dare a fadarmu ta shan shayi na miƙa wa yaron waya don ya ga yadda manya ke sasanta magana. Ya karanta, ya yi shiru, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce, "Kawu, wannan ai inji ne." Na ce wane irin inji. Ya ce an saita shi ne, duk ƙorafin da ya daɗe ba motsi sai ya tura masa wannan saƙon, kalma ɗaya ba ta canzawa, ga ma alamar a jikin sunansa. Kafin in karɓe wayar, Dogo, wani ɗan fadarmu, ya fizge. Ya miƙe tsaye, ya gyara murya irin ta mai karanta labarai a rediyo, ya shiga fassara wa mutane wasiƙata layi-layi. Da ya kai "ina yara" mai shayi ya ajiye buta. Da ya kai kilishi sai ya tsaya, ya tambaye ni da ladabi ko mai yaji baƙon ke so ko marar yaji. Ya sake karanta wurin. Wani ɗan kabu-kabu da ba ma ɗan fadarmu ba ya kashe mashin don ya ji ƙarshe. Ni kuwa ina zaune da kofi a hannu, na kasa sha na kasa ajiyewa.

Yaron ya so ya rufa mini asiri, ya ce rikicin nan tsoho ne, ko Linus Torvalds da ya fara Linux, ɗaya daga cikin manyan manhajojin nan na kyauta, a 1991 sai da ya fito a 2018 ya nemi gafara kan yadda yake yi wa mutane magana, ya ɗan ja gefe. Ya ce lasisin manhajar ma ya faɗa da manyan baƙaƙe cewa babu garanti. Na ce to su sun yi manyan baƙaƙe ba laifi, nawa ne rashin ladabi?

Amma Dogo ne ke ci mini rai. Dogon da kwamfutarsa ke ɗauke da Windows na sata, kullum tana yi masa gargaɗi a kusurwa, shi ne yau masanin intanet. Wannan mutum tun Sallar Layya nake bin sa jaka biyu na hotunan fasfo. Kullum in na tuna masa sai ya ce wai bai fito da kyau ba, sai ka ce ni na halicce shi. Yanzu ko a masallaci ya gan ni sai ya ce, "Malam, baƙonmu ya sauka?" Har matata ya aika wa yaro a tambaya ko a shimfiɗa tabarma.

Katin dai yaron ya canza wani salon rubutu ya fita daidai, Hajiya ta karɓa ta rage mini dala ɗari. Injin ya rufe ƙorafin, ya sake gode mini. Jaka biyun nan kuma ranar Alhamis zan je har gida.